Yadda ake saita agogon jiki domin barci ya riƙa zuwa a kan lokaci

Mutum yana iya tilasta wa kansa farkawa a duk lokacin da ya ga dama, domin ƙararrawar agogo ta isa ta yi masa wannan aiki, amma babu mahaluƙin da yake da ikon umartar kansa da yin barci. Duk wanda ya taɓa kwanciya da wuri saboda yana da tafiya da sassafe, ya rufe ido ya yi ta juyi har dare ya raba, ya san gaskiyar wannan magana. Ba a banza ake ce wa barci ɓarawo ba, domin yakan zo ne a lokacin da aka daina gadinsa. Saboda haka mai son gyara barcinsa sai ya kama ɓangaren da yake hannunsa, wato lokacin tashi da hasken da yake shiga idonsa, ya bar lokacin barci ya biyo baya da kansa.

Kafin a shiga matakan, ya kamata a san abubuwa biyu da suke tafiyar da barci, kamar yadda masanin nan Alexander Borbély na Jami'ar Zurich ya tsara bayaninsu a 1982. Na farko shi ne nauyin barci da yake taruwa tun daga lokacin da mutum ya buɗe ido. Muddin ƙwaƙwalwa tana aiki, wani sinadari da ake kira adinosin yana taruwa a cikinta, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon yadda ido zai yi nauyi. Barci ne yake rage shi. Na biyu shi ne agogon jiki, wanda babu ruwansa da gajiyar mutum. Cibiyarsa wani ɗan dunƙule ne na ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 a can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, kuma daga nan ake ba sauran jiki umarnin lokacin da zafinsa zai hau ko ya sauka, da lokacin da za a saki sinadarin melatonin mai sanar da shigowar dare. Idan nauyin barci ya taru a daidai lokacin da agogo ya ce dare ya yi, barci yakan zo cikin sauƙi. Idan suka saɓa, sai a ga mutum a gajiye liƙis amma ido biyu.

Wannan agogo yana tafiya ko da babu rana. A 1962 wani matashi Bafaranshe mai suna Michel Siffre ya shiga wani kogo a tsaunukan Alps ya yi wata 2 babu agogo babu haske na waje, kuma duk da cewa lissafin kwanaki ya ɓace masa har ya zaci ana 20 ga Agusta alhali ana 14 ga Satumba, jikinsa ya ci gaba da barci da farkawa a kan zagaye mai ɗan ɗara awa 24. Binciken da Charles Czeisler da abokan aikinsa suka buga a 1999 ya nuna cewa matsakaicin tsawon wannan zagaye a wurin ɗan Adam awa 24 ne da minti 11. Mintunan nan suna kama da abin raini, amma ma'anarsu ita ce agogon yawancin mutane yana ɗan jinkiri kullum, kuma dole a riƙa saita shi kowace safiya, in ba haka ba ya yi ta zamewa zuwa cikin dare. Wannan ne ya sa daɗewa ba a kwanta ba ya fi kwanciya da wuri sauƙi.

Mataki na farko shi ne ka yi mako 2 kana rubuta yadda barcinka yake, ba tare da ka canza komai ba. Kowace safiya ka rubuta lokacin da ka hau gado, da kimanin lokacin da barci ya ɗauke ka, da sau nawa ka farka, da lokacin da ka tashi, da abin da ka sha mai sinadarin kafeyin, kamar kofi ko shayi, a jiya da lokacin da ka sha shi. Ƙiyasi ya wadatar, kada ka riƙa duba agogo cikin dare don rubutun ya yi daidai. Bayan makon biyu sai ka fitar da lissafi biyu. Na farko, ka raba lokacin da ka yi barci da lokacin da ka shafe a kan gado. Wanda ya kwanta ƙarfe 10:00 na dare ya tashi 6:30 na safe ya yi minti 510 a kan gado, to idan minti 390 ne kawai na barci a ciki, ya samu kashi 76 cikin 100, alhali abin da masu kula da matsalar barci suke nema shi ne kashi 85 ko sama da haka. Na biyu, ka nemo tsakiyar barcinka a ranakun aiki da ranakun hutu. Idan a ranar aiki kana barci daga 11:00 zuwa 6:00, tsakiyarsa 2:30 ke nan, idan kuma a ranar hutu kana yi daga 1:00 zuwa 9:00, tsakiyarsa 5:00. Tazarar awa 2 da rabi da take tsakaninsu ita ce ratar da take tsakanin agogon jikinka da agogon wurin aikinka, kuma masanin nan Till Roenneberg na Jamus ya kwatanta ta da halin wanda yake tafiya wata ƙasa mai nisa a jirgin sama duk ƙarshen mako ya dawo ranar Litinin.

Mataki na biyu shi ne ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ka riƙe shi kwana 7 a mako. A ganina wannan ne mataki mafi wuya kuma mafi amfani, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke sarewa, domin bayan daren da barci bai yi daɗi ba zuciya takan ce a ƙara awa ɗaya a rama. Ramuwar tana da daɗi, amma tana cinye nauyin barcin da za a buƙata a daren da yake tafe, tana kuma jinkirta ganin hasken safe, sai matsalar ta haifi 'yar'uwarta. Idan ranar hutu ce kuma lallai sai an ƙara, kada ya wuce awa 1. Wanda kuma yake son ya dawo da lokacin tashinsa baya sosai, misali daga 9:00 zuwa 6:00, kada ya yi tsalle ɗaya. Ya riƙa rage minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana 2 ko 3, dalilin haka kuwa yana cikin mataki na gaba.

Mataki na uku shi ne haske, kuma a kansa za mu fi daɗewa. A tantanin bayan ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman da aikinsu bai shafi ganin siffar abu ba, auna yawan haske suke yi su aika wa agogon ƙwaƙwalwa, kuma sun fi jin haske mai launin shuɗi irin wanda ya cika sararin sama da rana. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne girman bambancin hasken ɗaki da na waje, domin ido yana sabawa da sauri har ɗakin ya zama kamar yana da haske sosai. Da ma'aunin haske da ake kira luks, ɗaki mai fitilar lantarki yakan kasance tsakanin 100 zuwa 500, ranar da hadari ya rufe sama takan kai 1,000 ko fiye, rana tsaka kuwa tana iya kaiwa 100,000. Don haka abin yi shi ne ka fita waje cikin awa ta farko bayan tashinka, ka yi minti 20 zuwa 30, ko da tafiya ce a ƙasa ko zama a inuwa, ba tare da baƙin tabarau ba, kuma ba tare da kallon ƙwayar rana ba. Tsayawa a bayan taga yana taimakawa, amma bai kai fita ba. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Colorado a Amurka ya fita da wasu mutane daji suka yi mako 1 a cikin tanti babu hasken lantarki, kuma da suka dawo aka tarar lokacin fitar melatonin a jikinsu ya koma zuwa da wuri da kusan awa 2, waɗanda suka fi kowa son zaman dare su ne ma suka fi canzawa.

Sai dai akwai tarko a nan. Haske ba ya tura agogo ɓangare ɗaya a kowane lokaci. Zafin cikin jiki yana sauka da dare har ya kai ƙarshen saukarsa kimanin awa 2 zuwa 3 kafin lokacin da mutum yake farkawa da kansa, kuma wannan gaɓa ita ce iyaka. Hasken da ya shiga ido bayan ta yana jawo agogo ya yi sauri, wanda ya shiga kafin ta kuwa yana ƙara jinkirta shi, domin ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa a matsayin rana ce ba ta faɗi ba tukuna. Mutumin da jikinsa ya saba farkawa ƙarfe 10:00 na hantsi, iyakarsa tana wajen 7:00 zuwa 8:00, saboda haka idan ya yi zuciya ya tashi 5:30 ya kunna duk fitilun gida, ya ƙara tura agogonsa cikin dare ne ba tare da ya sani ba. Gara ya fara neman haske daga lokacin da ya saba tashi, ya riƙa matsowa a hankali.

Mataki na huɗu shi ne kare nauyin barci da rana, kuma abubuwa biyu ne suke ɓarnatar da shi. Kafeyin, wanda yake cikin kofi da shayi da wasu lemukan kwalba da abubuwan sha masu ƙara kuzari, ba ya kawar da adinosin, wurin da adinosin yake maƙalewa a ƙwaƙwalwa yake tarewa, sai gajiyar tana nan amma ba a jin ta. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa, ko da yake mutane sun bambanta ƙwarai, mai juna biyu ma takan fi daɗewa da shi. Ke nan abin da aka sha ƙarfe 4:00 na yamma, rabinsa yana nan ƙarfe 9:00 na dare, rubu'insa kuma har 2:00. Ka sa wa kanka iyaka ta awa 8 kafin kwanciya, wanda kuma barcinsa ba shi da nauyi ya tsaya tun tsakar rana. Na biyu shi ne barcin rana. Kasalar da take saukowa tsakanin ƙarfe 1:00 zuwa 3:00 na rana aikin agogon jiki ce, tana zuwa ko ba a ci abinci ba, kuma ɗan runtsawa na minti 10 zuwa 20 a wannan lokaci yana wartsakar da mutum. Idan aka zarce aka faɗa barci mai nauyi, sai a tashi da magagi, idan kuma aka yi shi da yamma liƙis, an ci rabon dare. Mai fama da rashin barcin dare ya ajiye na rana gaba ɗaya har sai al'amura sun daidaita.

Mataki na biyar ya shafi awa 2 na ƙarshe kafin kwanciya, domin a daidai wannan lokaci ne melatonin yake fara fita idan haske ya yi ƙasa. Ka rage fitilu, ka bar ƙarama mai launin ɗorawa, ka rage hasken waya da kwamfuta. Ana yawan ɗora wa shuɗin hasken waya laifi, ni kuwa ina ganin abin da ake kallo a cikinta ya fi haskenta ɓarna, domin labari mai tayar da hankali ko gardama da wani a intanet suna hana zuciya kwanciya ko da an dusashe fuskar wayar. Ɗaki ya kasance mai duhu da ɗan sanyi, saboda barci yana tafiya tare da saukar zafin jiki. Wanka da ruwan ɗumi awa 1 zuwa 2 kafin kwanciya yana taimakawa, abin da zai ba wasu mamaki, amma dalilinsa shi ne ɗumin yana buɗe hanyoyin jini na fata, sai zafin ciki ya fita ta hannuwa da ƙafafu. A guji cin abinci mai nauyi dab da kwanciya. Barasa kuma, ko da yake tana sa barci ya ɗauki mutum da wuri, tana danne barcin mafarki a farkon dare tana kuma yayyanka na ƙarshensa.

Mataki na shida shi ne zaɓen lokacin kwanciya, kuma sai an san yadda dare yake a tsare kafin a yi shi da kyau. Barci zagaye-zagaye ne, kowanne kimanin minti 90, kuma baligi yakan yi 4 zuwa 6 a dare. Ana farawa da gyangyaɗi na 'yan mintuna, a shiga barci mara nauyi wanda shi ne kusan rabin daren gaba ɗaya, a gangara zuwa mai nauyi inda tayar da mutum yake da wuya, sannan a hau zuwa matakin da idanu suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, jiki ya saki kamar an ɗaure shi, mafarki ya yi ƙarfi. Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman ne suka bayyana wannan mataki na ƙarshe a Jami'ar Shikago a 1953. Zagayen ba iri ɗaya ba ne. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuwa yana ƙara tsawo idan gari ya kusa wayewa, shi ya sa wanda ya yanke awa 2 daga ƙarshen barcinsa ya yi asarar kaso mai tsoka na barcin mafarki, wanda jimillarsa kashi 20 zuwa 25 ne cikin 100 na barcin baligi. Tsakanin zagaye da zagaye mutum yakan ɗan farka, sau da yawa bai ma tuna ba, don haka buɗe ido sau ɗaya ko biyu cikin dare ba ciwo ba ne.

Daga lokacin tashin da ka tsayar, ka ƙirga baya awa 7 zuwa 9, ka ƙara minti 15 zuwa 20 na jiran barci. Wannan na baligi ne. Matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar awa 8 zuwa 10, yara 'yan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Akwai masu koyar da cewa a riƙa lissafa barci da minti 90 daidai don a farka a ƙarshen zagaye, amma ban ga amfanin wahalar da kai da wannan ba, tunda zagaye ɗaya yana iya zama minti 70 wani ya kai 120 a dare guda.

Mataki na bakwai na wanda ya yi duk wannan ne amma barci ya ƙi zuwa, kuma a nan ilimin halayyar ɗan Adam ya fi taka rawa. Ƙwaƙwalwa tana koyon haɗa wuri da yanayi. Wanda ya yi watanni yana kwance yana tunani da fargaba, gadonsa ya zama masa alamar zama a farke, shi ya sa zai yi ta gyangyaɗi a kujera, da zarar ya hau gado kuma ido ya bushe. Richard Bootzin ya fito da hanyar warware wannan a 1972. Kada ka hau gado sai ka ji barci na gaske, irin mai sa hamma da nauyin fatar ido, wanda ya sha bamban da gajiyar jiki. Idan ka ji ka yi kamar minti 20 ba ka yi barci ba, ka tashi ka koma wani wuri mai ƙarancin haske, ka yi wani abu mara tayar da hankali, sai barcin ya dawo sannan ka koma, ko da sau nawa za a maimaita a dare. Ka juya fuskar agogo ta kalli bango. Idan tunanin gobe ne yake damun ka, ka ware minti 10 da farkon dare ka rubuta abubuwan da suke jiran ka da abin da za ka fara yi a kan kowanne. Da safe kuma ka tashi a lokacinka ko yaya daren ya kasance.

Wanda lissafinsa na matakin farko ya gaza kashi 85 yana iya ƙarawa da hanyar da Arthur Spielman ya bayyana a 1987, wato rage zaman gado ya yi daidai da barcin da ake samu. Mai samun awa 6 da rabi da yake tashi 6:30 sai ya daina kwanciya kafin ƙarfe 12:00 na dare. Makon farko yana da wahala, amma nauyin barcin da yake taruwa yakan haɗe barcin ya zama dunƙule ɗaya, kuma duk makon da lissafi ya haura kashi 85 sai a ƙara minti 15. Ba a sauka ƙasa da awa 5, kuma mai farfaɗiya, da mai ciwon da yake sa yanayin zuciya hawa da sauka mai tsanani, da mai tuƙi ko aiki da injuna masu haɗari, kada su gwada wannan sai da sa idon likita.

Wasu mutane yanayinsu yana buƙatar ɗan gyara a kan waɗannan matakai. Agogon matashi yana jinkirta da kansa tun daga balaga har zuwa wajen shekara 20, saboda haka rashin barcinsa ƙarfe 9:00 na dare ba taurin kai ba ne, kuma hasken safe da rage waya da dare sun fi faɗa amfani a kansa. Mai aikin dare ya nemi haske mai ƙarfi a farkon aikinsa, ya sa baƙin tabarau a hanyar komawa gida idan ba shi ne yake tuƙi ba, ya kwanta da wuri a ɗaki mai duhu sosai, kuma ya ji tsoron tuƙi a wannan lokaci, domin wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa awa 17 a farke suna rage natsuwar mutum kamar wanda barasa ta fara taɓawa. Wanda ya ƙetare ƙasashe a jirgin sama ya sa ran kimanin kwana 1 ga kowace awa ta bambancin lokaci, kuma tafiya gabas ta fi tafiya yamma wahala saboda mintunan nan 11, tunda tsawaita yini ya fi gajarta shi sauƙi ga jiki.

Ka ba tsarin mako 3 zuwa 4 kana ci gaba da rubutunka kafin ka yanke masa hukunci. Idan rashin barci yana faruwa dare 3 ko fiye a mako har tsawon wata 3 kuma yana shafar aikinka da rana, lokacin ganin likita ya yi. Haka nan idan wanda kuke kwana tare ya ce kana minshari mai ƙarfi, numfashinka yana ɗaukewa sannan ka zabura, ko kana tashi da ciwon kai da barci a ido duk da ka cika awanninka, domin wannan yana iya zama toshewar hanyar numfashi cikin barci, wadda take da alaƙa da hawan jini kuma saita agogo ba ya maganinta. Ka tafi da takardar da ka rubuta barcinka a ciki, ka kuma faɗa wa likitan duk magungunan da kake sha da lokutan da kake shan su.